Alwala Guda

A layin 'yan yadi da ke gangaren Dilimi, in aka ce Mai Alwala Guda kowa ya san Alhaji Ganiyu ake nufi. Da hantsi yake yin alwala a gidansa na unguwar Ali Kazaure, da ruwan ɗumin da matarsa Sikirat take sirka masa. Da wannan alwalar yake yin Azahar da La'asar da Magariba, wata rana har Isha'i. Shekara da shekaru haka. Ladanin masallacin layin yakan ba da misali da shi in yana yi wa samari faɗa. Alhaji Ganiyu sai ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, amma sunan yana yi masa daɗi.

Ba tsoron Allah ne ya fara jawo abin ba. Gidan wanka da bahayan layin ne.

Sau ɗaya ya taɓa shigarsa, a shekarar da ya kama shago. Wurin yana bayan rumfunan 'yan kaji, sai ka tsallake kwatar da take kwashe gashin kaji da hanji kafin ka kai ƙofa. Ciki kuwa ɗakunan kwano ne a jere, ƙasan kullum a jiƙe yake da abin da ba ruwa kaɗai ba. Korayen ƙudaje suna tashi daga bakin rami su sauka a kan fuskar mutum. Butocin da ke wurin hannayensu sun yi baƙi, suna santsi. Ranar ya fito bai yi abin da ya kai shi ba, ya yi ta tofar da yawu har yamma, ya kuma ba almajirin ɗinki takalman da ya shiga da su. Ya rantse a ransa shi da wurin nan sai dai gawarsa.

Mutum ne mai ƙyanƙyami tun yana yaro. Farar shadda yake sakawa a garin da jar ƙasa take bin kowa. Ba ya cin abinci a kwano ɗaya da kowa, ba ya karɓar canji da hannu sai a ajiye masa a kan tebur. To wanda ba zai shiga bayan gida ba, dole ya san abin da zai zuba wa cikinsa. Sai ya daina shan ruwa da rana. Rabin kofin shayi da safe, goro a kumatu, kilishi ko gasasshen nama in yunwa ta matsa. Wake da dankalin Hausa ya sallame su, saboda iska ma tana karya alwala. In ya koma gida da dare ya kurɓi ɗan abin da zai tura tuwo.

Garin ma ya taya shi. Da a Kano yake ko Sakkwato, da ƙishirwa ta kama shi ta wuya tun kafin Azahar. Jos kuwa sanyinta yana lallaɓa mutum, ya wuni maƙogwaronsa bai ce masa komai ba. Ga alwala da ruwan randar masallaci a watan Disamba azaba ce, yana kallon mutane suna yi suna karkarwa, shi kuwa ya wuce sahun gaba hannunsa a bushe.

Maƙwabcin shagonsa Romanus ne, mai sayar da zare da maɓalli da zif, mutumin Nnewi da ya tsufa a Jos. Shi kullum da jarkar ruwa a ƙarƙashin tebur, yana ɗaɗɗaka kamar raƙumi, kuma hanyarsa ta zuwa bayan 'yan kaji har ta yi gurbi. Yana tafiya yana fito, ya dawo yana fito, ya goge hannu a wando ya yagi burodi. Alhaji Ganiyu yana son mutumin, amma bai taɓa ba shi tafin hannu ba. In gaisuwa ta kama, wuyan hannu yake miƙa masa.

Jikin Alhajin yana da 'yan ƙorafe-ƙorafensa, kowanne kuma ya samo masa dalili. Ciwon kan da yake saukar masa bayan La'asar, hayaƙin janareta ne. Bayan gida da ba ya fita sai da nishi, basir ne, yana shan jiƙon da wata tsohuwa take kawo masa daga Ogbomosho. Leɓen da yake tsattsagewa, sanyi ne. Ciwon baya, zama ne.

Ranar da abin ya zo, cikin damina ne, ana sallar La'asar. Ya yi ruku'u sai ya ji kamar an soka masa allurar buhu a kwiɓin hagu an murɗa. Ya yi ƙoƙarin ɗagowa, ciwon ya gangara masa mara. Gumi ya keto masa. Kafin liman ya kai sujada, Alhaji Ganiyu ya durƙushe, kilishin da ya ci da goron da ya tauna suka dawo gaba ɗaya, a kan farar shaddarsa, a kan dardumar masallaci, har a kan ƙafar mahaucin da ke gefensa. Ko a cikin wannan azabar, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ɗumin aman da yake bin ƙirjinsa ta cikin riga.

Romanus ne ya tare keke napep. Ya rungume shi da aman da komai, ya kai shi wani ƙaramin asibiti a hanyar Rayfield.

Aka yi masa allura ciwon ya lafa, aka sa masa ƙarin ruwa. Can ma'aikaciyar jinya ta miƙo masa wata 'yar roba mai murfi, ta nuna masa banɗaki. Ya daɗe a ciki. Abin da ya fito ko ƙasan robar bai gama rufewa ba. Launinsa kamar shayin da aka manta a kan wuta, da jirwayen jini a ciki, zarninsa kuma ya doke shi har sai da ya kau da kai. Bai taɓa ganin abin a cikin roba mai haske da rana tsaka ba. Ya naɗe ta da takarda ya riƙo da yatsa biyu, kamar mushen ɓera.

Likitan, Dakta Pwajok, dogon mutum ne marar yawan magana. Ya ɗaga robar saitin taga ya duba, ya ajiye, ya tambaye shi yaushe rabonsa da shan ruwa. Alhaji Ganiyu ya ce yana shan shayi. Likitan ya ce ba shayi ya tambaya ba. Da aka yi hoton ciki sai ga ta: tsakuwa ce ta taru a ƙoda, ta ɓalle ta maƙale a siririyar hanyar da take kai fitsari mafitsara. Ya yi masa bayani a gajarce. Ƙoda wanki take yi, wanki kuma da ruwa ake yin sa. In ruwan ya yi kaɗan, dattin sai ya kwanta ya daskare, kamar yadda ƙasan tukunyar shayi take yin ɓawo. Wannan tsakuwar ƙarama ce, tana iya fita da kanta in ya tura ta da ruwa. In ba ta fita ba, ƙodar za ta kumbura, sai aiki.

Alhaji Ganiyu ya tambayi wane irin aiki. Likitan ya ɗage labulen ƙofa. A kan bencin waje akwai wani dattijo da suka zauna tare ɗazu, wanda Alhajin ya yi ta matsawa daga kusa da shi bai san dalili ba sai hancinsa. Yanzu ya ga dalilin. Wani siririn tiyo ne ya fito daga ƙasan zanin dattijon ya shige cikin baƙar leda da yake riƙe da ita a cinya. In ya motsa, ledar sai ta yi ƙugi.

"Nasa ciwon daban ne," in ji likitan, "amma robar iri ɗaya ce. Bayan aiki za ka ɗauke ta na ɗan lokaci."

Alhaji Ganiyu ya ɗauke idonsa daga ledar.

Aka rubuta masa magani. Ruwa kuwa aka ce ya sha daga safe har dare, kada ya jira ƙishirwa, har sai abin da yake fitarwa ya kusa komawa fari. Ya riƙa tafiya, kada ya kwanta. Sannan ya sayi rariyar shayi, duk fitsarin da zai yi ya bi ta cikinta, in tsakuwar ta fito ya kawo a gani.

"Mu mutanen Jos mun gaji wankin kuza, a tace ƙasa a tsinci ma'adini," in ji Dakta Pwajok, ko murmushi bai yi ba. "Kai naka a tsugune za ka yi."

Kwanakin farko a gida ya yi su. Sikirat ta cika masa babban jug ta ajiye a gabansa, ta zauna tana tsince shinkafa tana kallonsa ta wutsiyar ido. Ruwan ba ya wuce masa. Kofi ɗaya sai ya ji cikinsa yana ƙugi, zuciyarsa tana tashi. Ya ce ruwan famfon yana warin ƙarfe, ta kawo na leda. Ya ce na ledar yana warin roba, ta tafasa ta tace ta huce. Ya kai baki ya ajiye, ya ce kofin ne yake wari, ba a wanke shi da kyau ba.

Sikirat ta ajiye faifan. Su biyun haifaffun Jos ne, a gida suna cakuɗa Yarabanci da Hausa, amma in magana ta yi nauyi da Hausa take faɗarta, don Yarabanci yana sa ta jin nauyin miji.

"Baban Qudus, ba kofin ba ne. Bakinka ne."

Ya dube ta.

Ta ci gaba, ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce shekarun nan duk da yake ganin tana juya fuska bango in sun kwanta, ba ciwon wuya ba ne. Ta ce in ya fito daga banɗaki da dare sai ta zuba bokiti guda da maganin wanki kafin yara su iya shiga. Ta ce ta sha gwada faɗa masa, ta sayo asuwaki, ta sayo kanumfari, ta ajiye masa a aljihu, shi kuwa ya ɗauka gata ne. Baki in ya bushe dole ya yi wari, ko na sarki ne.

Ya ce ƙarya take yi, da haka ne da wani ya faɗa masa. Ta ce wa zai faɗa wa mutumin da ko canji ba ya karɓa da hannu? Ta ɗauki faifanta ta shiga kicin.

Ya zauna shi kaɗai da jug. Abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Matan da suke zuwa sayen leshi, yadda suke tsayawa can bakin ƙofa su yi ciniki da ƙarfi. Telolin da suke sauraronsa da kai a sunkuye, suna kallon gefe. Wanda yake kusa da shi a sahu, yadda yake saurin miƙewa bayan sallama. Duk ya ɗauka girmamawa ce. Ya tafa hannu a bakinsa ya hura, ya shinshina. Bai ji komai ba, wannan kuma ya fi ɗaga masa hankali.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa ya zauna sai ya tambayi labarin fitsarinsa, wasu har da shawarar man zaitun da lemon tsami. Ya gwammace shago. Ranar da ya koma, da layin ya ɗan yi shiru, ya kira Romanus ya tambaye shi maganar bakin, yana kallon wani bandir na atamfa.

Romanus ya sosa ƙeya. "Oga Alaji, kowa ya sani ai. Amma mun ce azumi kake yi kullum. Mutanenku suka ce bakin mai azumi ba a ƙyamarsa, lada ne." Ya ƙara da cewa shi dai da ba ya neman ladan, numfashi yake riƙewa.

Ashe har da wannan a cikin sunan da ake ba shi.

Duk da haka bai saduda ba. Ya yi wa kansa dabara: da rana ya bar cikinsa yadda ya saba, in ya koma gida sai ya ɗura ruwan wuni guda a zama ɗaya. Alwalarsa ta tsira, barcinsa ya lalace, ciwon kuma yana nan yana kai masa ziyara, wani lokaci yana tsakiyar auna yadi sai ya dafe tebur har ya wuce. Da ya koma asibiti aka sake hoto, Dakta Pwajok ya juyo masa da allon ya nuna masa ƙodar hagu ta fara cika kamar balan-balan, tsakuwar kuma ta ɗan gusa kaɗan ta tsaya. Ya tambaye shi yadda yake shan ruwan. Da ya ji, sai ya rufe fayil. Ya ce ƙoda ba ta san dare ya yi ba balle ta jira shi. Zuwa na gaba, in babu tsakuwa a hannunsa, ya taho da jakar kayansa, za a kwantar da shi a yi aiki.

A bakin ƙofa ya sake cin karo da dattijon nan. 'Yarsa ce ta durƙusa a gabansa tana tsiyaye ledar a cikin wani gwangwani.

Washegari Alhaji Ganiyu ya zo shago da jarka irin ta Romanus. Ya sha da safe, ya sha da hantsi. Kafin Azahar mararsa ta ɗaure tamau. Ya ja ƙofar shago ya tari keke zuwa Ali Kazaure, sai suka tarar da wata tirelar dankali ta toshe hanya. Ya matse ƙafafu, ya karanta duk abin da ya iya, ya ciji leɓe. Ya kai gida, amma ba duka ya kai da shi ba. Sikirat ta karɓi wandon ta jefa a bokitin wanki.

Romanus ya kawo shawarar gora. Ya ce direbobi haka suke yi, ka shige bayan bandir ɗin shadda ka gama ka rufe, da yamma a zubar. Alhaji Ganiyu ya dubi kayansa, farare da shuɗɗa, waɗanda mutane za su ɗinka su je Idi da coci da su. Ya ce ko a mafarki.

Saura hanya ɗaya.

Ya sayi sabuwar buta da silifas na roba masu kauri. Ya naɗe rariyar a baƙar leda ya cusa a aljihu. Ya tattare wandonsa har gwiwa, ya ɗaure babbar rigar a ƙugu, ya bi gurbin Romanus. Layin ya yi tsit kamar ana wucewa da gawa. Wani mai fige kaza ya ɗago kai ya ce wa na kusa da shi, da muryar da ya tabbatar za a ji, yau dai alwala ta ga ta kanta. Ashraf, mai kula da wurin, yana zaune a benci da waya a kunne. Da ya ga wanda ke tafe sai ya miƙe tsaye, ya tambaya ko lafiya, ko wani ake nema.

Babu abin da ya sauya a ciki, sai dai kwanon ya ƙara ruɓewa. Ɗoyin ya tare shi tun daga ƙofa, mai kauri, har yana jin sa a harshe. Ɗakin da ya samu ba shi da sakata, wata lanƙwasasshiyar ƙusa ce ake juyawa. A bakin ramin wani ya yi kuskuren saiti ya tafi abinsa, tsutsotsi suna ta hidima a gefe. Ya tsuguna a kan yatsun ƙafa, hannu ɗaya da rariya, ɗaya yana tattare riga, gwiwar hannu tana kare fuska daga ƙudaje. Ya yi, ya duba rariyar, babu komai. Ya ɗauraye ta da butarsa, ya fito yana kakarin amai. Ya je randar masallaci ya yi alwala da ruwa mai sanyin ƙanƙara, a layi, bayan wani mai gyaran takalmi. Ladan ya gan shi, ya kau da kai.

Haka ya riƙa yi, sau da yawa a wuni, har 'yan kaji suka gaji da tsokana. Bai saba ba. Kowace shiga kamar ta farko take. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne jikinsa da ya nuna yana jin daɗin wulaƙancin. Ciwon kan La'asar ya ɗauke, alhali janareta yana nan yana hayaƙinsa. Bayan gida ya sauƙaƙa, jiƙon Ogbomosho yana ajiye ƙura ta rufe shi. Leɓensa ya haɗe. Abin da yake bi ta rariya ya tashi daga launin shayi ya koma na ruwan lemon tsami. Tsakuwa dai shiru, ranar komawa asibiti kuma tana matsowa. Sikirat ta sauko da ƙaramar jaka daga kan kabad ta goge ta, ta ajiye a inda zai gani.

Ana jibi zai koma, aka wuni ana ruwan sama irin na Jos, wanda yake zuwa da ƙanƙara. Kwatar 'yan kaji ta cika ta tumbatsa, ta shiga gidan bahayan, ramukan ma suka fara dawo da abin da aka ba su. Tun safe yake jin wani sabon abu, ba a kwiɓi ba, can ƙasa, kamar ƙaya. Ya sha ruwa, ya ƙara. Da ta matse shi ya ɗauki buta ya fita cikin yayyafi.

Ruwan da ke ƙasan ɗakin ya shafe silifas ɗinsa, launin kunun kanwa, da gashin kaji yana yawo a kai. Ya tsuguna. Fitsarin ya fara, ya tsaya cak. Wani zafi ya tsaga shi kamar ana jan reza, ya dafe kwano da goshi, ya yi nishi. Sai abin ya ɓalle da ƙarfi, ya ji wani ɗan ƙas a cikin rariya.

Ya ɗago ta saitin hasken da yake shigowa ta hujin kwano. Ga ta nan. Baƙa-baƙa, mai ƙaya-ƙaya, ba ta fi ƙwayar dawa ba. Wannan ce ta kayar da shi a sahu.

A daidai lokacin wani da zawo ya koro ya banko ƙofar. Ƙusar ta juya, kwanon ya doki gwiwar hannunsa, rariyar ta kife. Mutumin ya ce a yi haƙuri, ya ruga ɗaki na gaba.

Alhaji Ganiyu ya dubi ƙasa. Ya ga inda ta faɗa, tsakanin silifas ɗinsa da bakin rami, ruwan ya ɗan yi zobe ya rufe. A hankali ruwan yake gangarawa ramin. Ya tuna jakar da ke gida. Ya tuna ledar dattijo da yadda take ƙugi. Likita ya ce in babu tsakuwa a hannunsa.

Ya naɗe hannun riga. Ya rufe ido, sai ya ga ba zai yiwu da ido a rufe ba, ya buɗe. Ya tsoma yatsunsa. Ruwan da ɗan ɗumi, wannan ne abin da bai yi tsammani ba. Ƙasan yana da santsi kamar miyar kuka. Ya lalubo wani abu, tsakuwar siminti ce. Ya lalubo wani, ya narke a hannunsa, bai tsaya sanin ko mene ne ba. Ya ci gaba da lalube. A karo na gaba wani abu ya soke shi a ɗan yatsa, ƙarami, mai ƙaya.

Ya ƙarar da butar a kan tsakuwar da hannunsa. A waje ya sayi sabulun wanki a wurin Ashraf, ya tsaya a ƙarƙashin indararo yana cuɗa hannun har fatar ta yi ja, ruwan sama yana dukan farar shaddarsa. Romanus ya fito da lema ya same shi a haka. Alhajin ya buɗe masa ƙullin leda ya nuna masa. Romanus ya leƙa, ya ce shi ya ɗauka za ta kai ƙwallon goruba, yadda aka yi ta fama. Ya miƙo hannu zai yi masa barka. Alhaji Ganiyu ya dubi hannun Romanus, ya dubi nasa, ya ba shi tafin.

Dakta Pwajok ya juya tsakuwar da ɗan ƙarfe a cikin faranti, ya sa aka sake hoto. Hanya ta buɗe, ƙodar ta fara saɓewa, babu maganar aiki. Ya ce za a aika da ita a duba irinta, don a san abincin da zai rage. Ya ce wanda ya yi ɗaya yana iya yin ta biyu, jarkar nan ta zama abokiyar zamansa har ƙarshen rayuwa. Alhajin, da yake abin yana cinsa, ya ba shi labarin inda ya tsamo ta.

Likitan ya ɗago kai daga rubutu. "Da ka bar ta. Hoton ma ya isa ya nuna ta fita."

Alhaji Ganiyu ya tashi ya fita. A cikin keke, har suka kai Dilimi, hannun damansa yana waje yana shan iska.

Sunan bai mutu a rana ɗaya ba, amma ya mutu. Ladan ya koma ba da misali da wani. Buta da silifas suka samu ƙusarsu a bayan ƙofar shago, nesa da yadi. Gidan bahayan yana nan yadda yake, kullum kuma sai ya tofar da yawu in ya fito.

Wata safiya wata mata ta zo sayen leshin biki. Ba ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ta shigo har gaban tebur, ta dafa, ta sunkuyo da fuskarta dab da tasa tana roƙon ragi. Ta ci ɗanyar albasa da kifi. Alhaji Ganiyu ya ja da baya har ya jingina da bandir, ya riƙe numfashi, ya sallama mata a yadda ta taya don ta tafi. Da ta fita ya jawo jarka daga ƙarƙashin tebur.